Waiwaye: Yadda aka gano tushen damuwar masu cutar Parkinson

A shekarar 1817 wani likita a Landan, James Parkinson, ya bayyana halin mutum shida masu karkarwar hannu da sanyin tafiya, ya ce hankalinsu lafiya lau yake. Wannan magana ta daɗe tana bin cutar da aka raɗa wa sunansa. In majinyaci ya shiga ƙunci, ya daina hira, sai a ce ai dole: wanda cokali ke suɓuce masa, ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa, me zai hana shi damuwa?

A 1960 masanin kimiyya Oleh Hornykiewicz ya gano a birnin Biyana na ƙasar Austiriya cewa dofamin, sinadari mai isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, shi ne ya ƙaranta a ƙwaƙwalwar masu cutar, kafin ƙarshen shekarun 1960 kuma maganin lebodofa ya fara tayar da waɗanda suka kwanta. Jiki ya sake, amma da yawa ƙuncin yana nan daram. Wasu ma damuwar kan riga karkarwar zuwa da shekaru.

Tunani ya fara juyawa a 1986, lokacin da masu bincike uku, Alexander da DeLong da Strick, suka nuna cewa hanyoyin jijiya biyar ne ke zagayawa tsakanin ɓawon ƙwaƙwalwa da cibiyoyin da ke can cikinta, wata ta motsi, wasu na tunani da yanayin zuciya, duk maƙwabtan juna. Abin da ya fi girgiza likitoci, a ganina, shi ne rahoton 1999 daga birnin Faris. Wata mata mai shekara 65, wadda ba ta taɓa ciwon damuwa ba, an dasa mata siririyar wayar lantarki a ƙwaƙwalwa don rage cutar. Ana gwaji, wutar ta taɓa wani wuri ƙasa kaɗan da inda ake nufi, nan take ta fashe da kuka tana cewa ta gaji da duniya. Aka kashe wutar, ba a yi minti biyu ba ta dawo daidai.

A 2003 masanin ƙwaƙwalwa Heiko Braak ya kawo bayanin cewa lalacewar, wadda ke tafiya da dunƙulewar wani furotin a cikin ƙwayoyin jijiya, kan faro daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta cibiyoyin serotonin da noradirenalin, sinadarai masu alaƙa da yanayin zuciya, kafin ta kai ga na dofamin, daga baya ta haura ɓawo inda mantuwa ke shigowa. Ba kowane majinyaci ne ke bin wannan tsari ba. Irin dunƙulen furotin ɗin ne dai Kenji Kosaka na Japan ya danganta da wani ciwon mantuwa tun 1976.

Yau na'urorin hoton ƙwaƙwalwa na nuna raunin sadarwa tsakanin sashen goshi da cibiyoyin motsin rai, amma a bincike kawai, ba a gano damuwar mutum ɗaya da su. A asibiti har yanzu ta hanyar yi wa majinyaci tambayoyi ake gano damuwar, kuma da wuya, domin cutar kan daskarar da fuska, mai ƙunci da marar ƙunci duk kamarsu ɗaya.