Motocin alfarma da za su yi daraja idan sun tsufa: amsa ga masu tambaya

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin motoci ya yi tashin gwauron zabo, wasu masu hali a Katsina da Daura suka fara kallon motar alfarma a matsayin kadarar da za a ajiye ta haihu. Tambayoyin da ake aiko mini iri ɗaya ne, har na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na tara su a wuri guda.

Malam, duk motar da aka saya da tsada ai za ta yi daraja idan ta tsufa, ko ba haka ba?

Ba haka ba ne. Maybach 57 da 62, waɗanda aka ƙera daga 2002 zuwa 2012, sun haura dala 300,000 a sababbinsu, kuma kimanin 3,000 kawai aka sayar, amma yau ana samun su a ƙasa da wannan kuɗi nesa ba kusa ba. Yawancin manyan motocin zaman baya haka suke ƙarewa.

To, me ke sa wata ta yi daraja wata ta zama ta gwanjo?

Ƙarancin adadi yana taimakawa, amma shi kaɗai bai isa ba, kamar yadda Maybach ta nuna. Abin da ya fi tasiri shi ne motar ta kasance ta ƙarshe a irinta, kuma a ce samarin da suka yi ta ƙwallafa rai a kanta suna yara sun girma sun yi kuɗi. A yanzu kamfanoni suna barin manyan injina masu fulogi takwas da goma da goma sha biyu, suna komawa ƙanana masu turbo da masu haɗi da batir, suna kuma daina giyar hannu, saboda dokokin hayaƙi na Turai da kuma abin da masu saye suke so. Injin da aka daina yi ba kasafai yake dawowa ba, kuma a nan darajar take taruwa. Lexus LFA misali ce: guda 500 aka yi daga 2010 zuwa 2012, da inji mai fulogi goma da aka haɗa tare da Yamaha, an sayar da ita kimanin dala 375,000, ta yi wuyar shiga kasuwa a lokacin, yau kuwa ta wuce wannan farashi sosai.

Shekara nawa mota za ta yi kafin a ce ta zama ta tarihi?

Ƙungiyar FIVA ta masu tsofaffin motoci ta sa shekara 30, haka ma Jamus. Birtaniya tana yafe harajin hanya bayan shekara 40. Motarka ta 2016 ba ta kai ba, ka daina tambaya.

Ka kira mana sunaye mana.

Waɗanda babu gardama a kansu su ne LFA ɗin da na ambata, da Mercedes SLS AMG mai ƙofofin da ke buɗewa sama, da Audi R8 ta farko mai giyar hannu, da BMW 1M ta 2011 wadda kimanin 6,300 aka yi, da Porsche 911 GT3 samfurin 997. Sai dai waɗannan tuni masu kuɗin duniya suka farga da su, kuma ƙasa-ƙasa suke, tudun da ake yi a titi don rage gudu kaɗai ya isa ya fasa musu gaba.

Waɗanda suka fi kusa da mu, har ana ganin su a Abuja da Kano, su ne Mercedes C63 AMG samfurin W204 da ya fito a 2008, mai injin lita 6.2 marar turbo, wanda darajarsa ta ƙara fitowa fili da kamfanin ya fitar da sabuwar C63 mai fulogi huɗu. Da Mercedes G-Class ta kafin 2018, musamman G500 da G55, waɗanda ake haɗawa a Graz ta ƙasar Ostiriya. Da Lexus LC500. Da BMW M3 samfurin E92. Bentley Mulsanne ma ina yi mata zato, domin da ita aka rufe injin lita 6.75 a 2020, injin da asalinsa ya faro tun 1959.

Lexus LX570 da Toyota Land Cruiser fa? Su ne motocin manyanmu.

Ka kwantar da hankalinka, Alhaji, ba za ka yi asara mai yawa ba. Tun da Land Cruiser 300 ta fito a 2021 da inji mai fulogi shida, masu fulogi takwas suka zama na ƙarshe, kuma samfurin 80 da 100 sun riga sun nuna cewa wannan gida ba ya arha. Amma an yi su da yawa ƙwarai, saboda haka riƙe daraja za su yi, ba ninkawa ba.

Na mayar da LX570 ta 2010 zuwa fuskar 2020. Hakan ya ƙara mata daraja?

Ka ɓata ta. An yanke ƙarfe, an saka fitilu da bamba na kwaikwayo, an datse wayoyi an ɗaure su da salatif, sannan a zo ana tambaya ko ta zama kadara. Mai sayen motar tarihi asali yake nema: fentin kamfani, kujerun kamfani, injin da ya zo da ita. Ga zuwa ɗaurin aure ta yi kyau, iyakarta ke nan.

Ina da kuɗi a hannu. In sayi C63 ko G55 in kulle a gareji a Katsina shekara goma sha biyar, zan ci riba?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba, domin amsar ta dogara da abubuwan da wasunsu suna hannunka wasu kuma ba sa hannun kowa.

Ka fara da lissafi. Idan ka saya yau ka sayar bayan shekaru da ninkin kuɗin a naira, mai yiwuwa ba motar ce ta tashi ba, nairar ce ta faɗi. Da dala ake auna irin wannan riba, kuma sai ka cire abin da ka kashe na taya da batir da baƙin mai da bakanike a tsawon shekarun. Sannan masu biyan babban kuɗi a kan irin waɗannan motoci yawancinsu a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa suke, kuma abin da za su fara nema shi ne takardun kowane gyara da aka yi, da tarihin da lambar shasi ke nunawa. Motar da ta yi shekaru a hannun bakaniken da ba ya rubuta komai tana iya zama lafiya lau, amma ba ka da hujja, kuma rashin hujja yana rage farashi.

Yanayinmu yana da gefe biyu. Bushewar Katsina alheri ce ga bodi, domin tsatsar da ke cin motocin Legas da Fatakwal ba ta cika damun mu ba. Amma zafin bazara, wanda ke haura digiri 40, yana tsattsaga dashbod da fata, yana busar da robobi, ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina. Saboda haka rumfar kwano ba gareji ba ce. Ana buƙatar ɗaki rufaffe mai inuwa, kuma a yi maganin ɓeraye, domin su ne ke cinye wayoyin motar da ta daɗe a tsaye.

Kullewar ma ita kanta kuskure ce. Mota kamar doki take, idan aka bar shi a turke ba a kilisa da shi ƙafafu ne ke fara lalacewa. Fetur yana ɓaci a tanki cikin watanni, taya tana lotsewa a gefen da ta zauna, burki yana kamewa, batir yana mutuwa. Dole a riƙa fita da ita kowane mako biyu ko uku, a yi tafiyar da inji zai yi zafi sosai, kamar a kama hanyar Daura a kai Mashi a juyo, ba a tayar da ita a tsakar gida minti biyar a kashe ba. Injin AMG kuma fetur mai inganci na sama kamfanin ya gindaya masa, wanda ba a kowane gidan mai ake samu ba.

Sai batun wanda zai taɓa ta. Duk bakaniken da ya ce a cire tamostat, ko a haɗa fanka kai tsaye, ko a fasa tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, ka karɓi makullinka ka yi masa sallama. C63 ta farko-farko, wadda aka ƙera kafin wajajen 2011, an san ta da matsalar kusoshin kan inji, don haka ka tabbatar an canza su. Kayan gyaran irin waɗannan ba lallai a same su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ba, sau da yawa sai an yi oda daga waje da dala.

Idan duk wannan bai tsorata ka ba, kuma kuɗin ba na kasuwa ba ne ko na makarantar yara, to mai yiwuwa ka fita da uwar kuɗinka, watakila da ɗan ƙari, bayan ka more motar. Fiye da haka ba na yi maka alkawari. Batun zakka a kan abin da aka saya da niyyar sayarwa kuwa, wannan na malamai ne, ka je ka tambaye su.

An kawo mini wata daga gwanjon Amurka, an ce ɗan bugu kaɗan ta yi.

Ka sa a binciki lambar shasinta mai harafi da lamba 17, hotunan gwanjon sukan fito. Idan an rubuta ta a matsayin wadda ta yi mummunan haɗari ko ta sha ambaliya, wannan tambari yana bin ta har abada. Ka hau abarka, amma kada ka ajiye ta da sunan kadara.

BMW M5 mai fulogi goma fa?

Za ta yi daraja, domin ita kaɗai ce M5 mai irin wannan inji, daga 2005 zuwa 2010. Amma metal ɗin injinta da giyarta suna cin kuɗi, kuma ban ba mutumin da ke nesa da ƙwararren bakanike shawarar ya kusance ta ba.

V-boot ɗin mahaifina tana nan a gida. Ta shiga?

Idan Mercedes 500E ce, wadda aka haɗa tare da Porsche a farkon shekarun 1990 kuma kimanin 10,000 aka yi, to ka rufe ta da kyau ka kira ni. Idan 230E ce, ka gyara ta saboda mahaifinka, kuma kada ka bari a saka mata injin wata mota.