An yi min leza don ganin kusa, yanzu yanar ido ta fito: yaya aikin cire ta zai kasance?

Ba an riga an gyara min idon ba? Daga ina kuma yanar ta fito?

Wuri biyu ne daban. Lezar da aka yi maka lokacin da ka fara miƙa hannu da takarda kafin ka iya karanta ta, koniya ta sassaƙa, wato fatar nan garai-garai da ke gaban ido. Yana kuwa a madubin cikin ido take, inda leza ba ta taɓa ba. Madubin nan shi ya taurare bayan shekara 40 ya hana ka ganin kusa, shi ne kuma yanzu ya yi hazo.

Za a iya cire ta?

Ƙwarai. Ɗan yanka ne, a farfasa madubin, a zuƙe shi, a sa na roba, kamar na kowa.

To ina wahalar take?

A lissafi. Kafin aiki ana auna tsawon ido da lanƙwasar koniya don a san ƙarfin madubin da za a sa. Tsofaffin hanyoyin lissafi suna ɗauka gaban koniya da bayanta suna tafiya daidai, amma leza gaban kawai ta sauya. Idan kuma lezar irin wadda ke raba koniya ce, tsakiya don kusa, gefe don nesa, awon ya ƙara rikicewa. Shi ya sa likitoci ke komawa ga lissafi irin su Barrett True-K da Haigis-L, su kuma ɗauki taswirar koniyar. Duk da haka ana iya ɗan kuskure, ka tashi kana buƙatar tabarau mara ƙarfi. Likitan da ya faɗa maka haka tun farko, shi zan fi amincewa da shi.

In zaɓi madubi mai ganin nesa da kusa?

A nan sai an yi hattara. Idan koniya tana raba haske, madubi ya sake raba shi, sai fitilun motoci da dare su riƙa yi maka zobe-zobe, gani ya dushe. Likitoci da yawa sun fi son madubi mai saiti ɗaya, a daidaita ido ɗaya don nesa, ɗayan don kusa, musamman ga wanda ya saba da hakan.

Me zan kai asibiti?

Takardun lezarka, idan suna nan. Kuma idan idonka na bushewa ko yin yaji, a magance shi kafin awo, don busasshen ido yana ba na'ura lambobin ƙarya.