Kafin a ɗora buhu a mota, a tambayi kasuwa

Assalamu alaikum ƴan uwa manoman Adar da kwarin Maggiya, maza da mata, masu albasa da masu hatsi da wake.

Ni malamin gona ne a jihar Tawa. Kun saba jin mu muna maganar iri da taki da maganin ƙwari, amma yau maganar salula na zo da ita, wannan da yawancinmu muka riƙe don gaisuwa da jin lafiyar ƴaƴanmu da suka tafi bida Abijan ko Libiya. Zumunci abu ne mai kyau, Allah ya ƙara mana shi. Sai dai wayar nan tana iya tsare mana dukiyar da muke zubarwa kowace shekara tsakanin gona da kasuwa, kuma ina ganin ba mu ci ko rabin moriyarta ba.

Ku dubi mai albasa a Galmi ko Tamaske. Ya zuba iri, ya yi dashe, ya kwashe watanni yana ban ruwa, yana sayen man inji, yana biyan ƴan ƙwadago. Ranar da ya cire, maƙwabcinsa ma ya cire, duk kwarin ya cire. Watan Maris zuwa Afrilu albasa ta yi tsibi ko'ina, rana na dukanta. Sai mai saye ya zo ya tsaya bakin gona ya faɗi kuɗinsa. Shi ya san nawa buhu ya kwana a Tsarnawa, ya san nawa ake saye a Akara da Kumasi da Kwatano, don tun da asuba ya yi waya da mutanensa. Manomi kuwa abin da ya sani shi ne bashin da ke kansa. A tsayuwar da ba ta kai ta shan shayi ba ake yanke wa wahalar wata huɗu kuɗi, ɗaya na gani, ɗaya na lalube. Ba na zargin ɗan kasuwa, sana'arsa yake yi, kuma in babu shi albasarmu ba ta isa bakin teku. Abin da ke damuna shi ne mu je ciniki ba mu tambayi kowa ba, alhali wayar na cikin aljihu.

Wannan magana an auna ta, kuma a ƙasarmu aka auna. Salula ta shigo Nijar a 2001. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwanninmu daga 2001 zuwa 2006, lokacin da layin waya ke isa kasuwa bayan kasuwa. Ta samu cewa inda waya ta isa, tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma abin ya fi tasiri a kasuwannin da ke nesa, masu mummunar hanya. Dalilin a fili yake: ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota ya je ya gano farashi, yanzu yana zaune ya kira wurare biyar, ya kai kaya inda ake buƙatarsu. A jihar Kerala ta ƙasar Indiya ma an ga irin haka ga masunta: da suka fara kiran kasuwanni tun suna cikin ruwa, zubar da kifin da ya rasa mai saye ya kusa ƙarewa, ribarsu ta ƙaru da kashi 8 cikin ɗari, masu saye kuma suka samu sauƙin kashi 4.

Amma akwai saura, kuma ba zan ɓoye muku ba. Da aka sake duba kasuwanninmu ta ɓangaren manomi, an ga tazarar ta ragu ga wake, ba ta ragu ga hatsi da dawa ba, kuma kuɗin da manomi ke karɓa a hannu bai tashi ba don kawai waya ta iso garinsu. Ƴan kasuwa ne suka fara cin gajiyar. Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Wanda ya ci bashin taki da alkawarin biya ranar girbi, ko ya san farashin duniya duka, dole ya sayar ranar. Sanin farashi yana amfani ne ga wanda ke da ikon cewa "a'a, sai gaba", ko "zan kai wata kasuwa". Wannan iko kuwa ba ya samuwa sai da ajiya da haɗin kai: rudu mai iska da aka gyara da kyau don albasa ta kai damina, lokacin da take tsada, ajiye hatsi ko wake a magaza a karɓi rance a kansa, kamar yadda ƙungiyoyi da yawa ke yi a ƙasar nan, da haɗa kaya mutum goma ko ashirin a cika mota guda.

To, ga abin da nake roƙon kowace ƙungiya ta yi. A zaɓi mutum ɗaya amintacce, a ba shi kuɗin kati daga asusun ƙungiya. Aikinsa kowane mako ya kira aƙalla wurare uku, kuma ba masu saye kaɗai ba: ɗan garinku da ke zaune a can, direban da ya dawo jiya, ɗan dakon da ke lodi. Ya haɗa da farashin da ma'aikatan SIMA, hukumar da ke bin farashin kayan gona, ke tattarawa a kasuwanni ana faɗa a rediyo. Sannan a zauna a cire kuɗin mota, da na lodi, da haraji, da abin da zai ruɓe a hanya. A kuma tambayi wane irin buhu ake nufi, don buhun da aka cusa har aka ɗinka masa hula ba ɗaya yake da wanda aka ɗaure bakinsa ba. Sau da yawa bayan lissafi za ku ga sayarwa a gida ta fi. Ba laifi. Kun sayar kuna sane.

Abu na biyu shi ne ciwon shuka, kuma nan ne na fi ganin kuɗi na ƙonewa. Mutum ya ga ganyen tumatir ko albasa ya canza, sai ya nufi kasuwa, mai tebur ya miƙo masa kwalbar da ba a san abin da ke ciki ba, ya fesa. Bai yi ba, ya ƙara wani. Ƙwarin suna nan, kuɗi sun tafi, guba ta shiga jikinsa da na yaran da suka taya shi. Mu malaman gona ba mu da yawa, ba za mu iya taka kowace gona ba. Amma hoto yana iya zuwa inda ƙafa ba ta kai ba. Ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, tana da cibiyar da manomi ke kira ko ya aika saƙon murya da hoto ta WhatsApp, a amsa masa da Hausa. Ba sai ka iya rubutu ba.

Sai dai a ɗauki hoton da zai yi amfani. Yawancin waɗanda ke iso mana, an tsaya nesa an ɗauki gona duka, ba a ganin komai sai kore. Ka tsinko ganyen da ya kamu, ka shimfiɗa shi a tafin hannu ko a kan farin ƙyalle, cikin haske amma ba tsakiyar rana ba. Ka ɗauki samansa, ka juya ka ɗauki ƙasansa, don can ƙananan ƙwari ke ɓuya. In albasa ce, ka buɗe tsakanin ganyaye wajen wuya, inda ƴan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu sa ganye ya yi fari-fari ke zama. In akwai tsutsa, ka ajiye ta kusa da tsinken ashana don a gane girmanta. Sannan ka yi magana: wane gari kake, wace shuka ce, kwana nawa da dashe, yaushe ka fara gani, me ka riga ka fesa. Ka ɗauki hoton kwalbar ma. Wanda ya yi haka ya sauƙaƙa wa mai ba shi amsa.

Hasashen damina kuma, cibiyar binciken yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, tare da hukumar yanayi ta ƙasa, suna fitar da bayani kowace shekara kafin ruwa ya sauka: ko damina za ta yi wuri ko jinkiri, ko ana tsoron dogon tsayin ruwa a tsakiya. Na san wasu dattawa ba sa son jin wannan, suna cewa sanin gobe sai Allah. Gaskiya ne, babu mai musu. Masu hasashen ba su ce sun san gaibu ba, alamomi suke karantawa, kamar yadda kakanninmu ke duban iska da hadari, kuma wani lokaci ba ya zama daidai. Amma wanda ya ji ana tsoron ruwa zai tsaya bayan saukar farko, zai yi tunani kafin ya zuba irinsa duka, ko ya nemi iri mai saurin nuna.

Yanzu ga iyayenmu mata. Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na nan jihar Tawa a 2010, kusan jika 22 kowane wata har wata biyar, kuma mata ne ke karɓa. Wasu an ba su kuɗi a hannu, wasu an tura masu ta waya. Da aka bincika, gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu sun fi samun abin ci a rana, alhali kuɗin ɗaya ne. Matan ba su ɓata yini suna tafiya da jiran layi ba, kuma kuɗin ya shigo ba tare da duk gari ya sani ba, sai maganar mace ta ƙara nauyi wajen yadda za a kashe shi. A Kenya, inda aka fara M-Pesa, tsarin aika kuɗi ta waya, a 2007, bincike ya nuna aika kuɗi da ajiya ta waya sun fitar da gidaje kusan 194,000 daga talauci, kuma gidajen da mata ke riƙe da su ne suka fi amfana. Saboda haka, Alhaji, in uwargida tana sayar da ƙuli-ƙuli ko tana kiwon tumaki, wayarta ta kanta da lambarta ta kanta ba almubazzaranci ba ne. Abincin gidanka ne zai ƙaru.

A nan dole in ja kunne. Lambar sirri ta asusun waya ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne ko na gwamnati. Wanda ya kira ya ce ka ci kyauta amma sai ka fara tura kuɗi, ɓarawo ne. Wanda ya ce ya yi kuskure ya turo maka kuɗi ka mayar masa, kada ka yarda da saƙon da ka gani, ka duba asusunka tukuna ko ka je wurin wakili. Wanda ya kira da dare ya ce ɗanka ya yi hatsari a Aljeriya a turo kuɗin asibiti, ka kashe, ka kira ɗan da kanka ko abokan tafiyarsa. Tsofaffi da mata aka fi cuta da wannan, don haka matasa ku zauna ku bayyana masu.

Ku kuma samari masu ilimin boko, kada ku ɗauka ƙirƙira sai Turai ko Sin. Abdou Maman Kané ɗan ƙasar nan ne, shi ya ƙera na'urar da manomi ke kunna ban ruwan lambunsa ya kashe ta waya yana nesa, har ta kai shi ga babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan na biyu a 2015. Matsalar da ya gani a gonakinmu ita ya warware. Irinta suna nan birjik: wa zai haɗa masu albasa da motocin da ke komawa kudu ba kaya? Wa zai riƙe wa ƙungiya lissafinta a waya don a daina rigimar wa ya biya wa bai biya ba? Wa zai gyara famfon hasken rana in ya lalace a Keita ko Buza, ba sai an jira mai gyara daga Yamai ba?

Hukumomi da kamfanonin waya su ma akwai nasu. Har yanzu akwai garuruwan da sai an hau tudu ake samun layi, kuɗin intanet ya yi wa talaka nauyi, cajin waya kuma sai ranar kasuwa. Tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018 ta nuna ranar da ke ƙona mu tana iya ba mu wuta, muna fata irinta ta yawaita har ƙauyuka. Kuma duk wani saƙon da aka shirya don manomi, a yi shi da murya, da Hausa da Tamashek da Fulfulde, don rubutun Faransanci ba ya isa ga mafi yawan masu riƙe da hauya.

Wanda bai da lambobin cibiyar RECA da na ambata, ya biya ofishin noma na ƙaramar hukumarsa ranar kasuwa da wayarsa a hannu, a sa masa su, a nuna masa yadda ake aika saƙon murya. Shugabannin ƙungiyoyi, ku zo da wanda kuka zaɓa ya riƙa bin farashi, mata ma su turo tasu wakiliyar.