Karatun Gaba da Digirin Farko a Tarihi, Adabi da Harsuna: Tambayoyin da Aka Fi Maimaitawa

Da zarar jami'o'i sun buɗe ɗaukar ɗalibai, tambayoyin nan ne dai suke dawowa. Ga amsoshinsu. A daure a karanta kafin a sake tambaya.

Matakai nawa ne bayan digirin farko?

Uku: babbar difloma wadda ake kira PGD, sai mastas, sai dakta, wato digirin digirgir. Akwai MPhil a tsakani, za mu zo kanta.

Dole ne in fara da PGD?

A'a. Mutum biyu aka yi ta dominsu: wanda sakamakonsa na digirin farko bai kai abin da mastas ke buƙata ba, da wanda ya karanta wani fanni yake son ya koma wani, kamar mai digirin lissafi da ke son tarihi. Shekara ɗaya ce galibi. In sakamakonka mai kyau ne kuma a fanninka za ka ci gaba, ɓata shekara ce kawai.

Shekara nawa ake yi?

Mastas a Ingila wata 12 ne ga mai karatu na cikakken lokaci. A yawancin ƙasashen Turai da ke bin tsarin Bologna, wato yarjejeniyar daidaita digirori ta 1999, shekara biyu ce. Dakta a Ingila shekara uku zuwa huɗu, a Amurka kuwa biyar zuwa bakwai, wani ma ya zarce. Mai haɗawa da aiki ya ninka lissafin.

Na riga na zaɓi jami'a, saura me?

Ai ka fara daga wutsiya. A waɗannan fannoni babu ɗakin gwaje-gwaje da zai ɗauke ka. Malamin da zai duba aikinka shi ne rabin karatun. Ka nemo sunayen malaman sashen, ka karanta aƙalla maƙala biyu da wanda kake so ya wallafa a shekaru biyar da suka wuce. Ka binciki ɗalibai nawa ke hannunsa, nawa suka gama, kuma ko ya kusa ritaya ko tafiya hutun bincike. Babban farfesa mai ɗalibai goma sha biyar zai iya riƙe babi ɗaya wata huɗu bai buɗe ba. Sau da yawa ƙaramin malami mai lokaci ya fi shi amfani.

Burina dakta ne. In yi mastas mai darussa, ko mai bincike zalla, ko MPhil?

To, wannan ce tambayar da ba ta da amsa guda, duk wanda ya ba ka amsa a kalma ɗaya bai saurare ka ba.

Mastas mai darussa, a tsarin Ingila, maki 180 ne (ma'aunin yawan aikin karatu, ba sakamakon jarrabawa ba): 120 na darussa, 60 na kundin bincike, wanda tsawonsa kan kama daga kalma 12,000 zuwa 20,000. Amfaninta shi ne za a koya maka hanyoyin bincike da ra'ayoyin nazari a aji, tare da 'yan'uwanka ɗalibai. In digirinka na farko bai ba ka wannan horon ba, ko ka daɗe da barin makaranta, ko har yanzu batunka bai zauna ba, ita ce ta fi dacewa da kai. Illarta, kundin gajere ne, kuma cikin wata uku ko huɗu na ƙarshe ake rubuta shi, don haka ba lalle ya nuna iyakar ƙarfinka ba.

Mai bincike zalla darussanta kaɗan ne, kundin ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Ta fi kama da dakta, shi ya sa take zama kyakkyawan gwaji. Amma fa kaɗaici ne. Wanda bai saba tsara wa kansa lokaci ba, sai ya wayi gari wata shida sun wuce yana ta tara littattafai bai rubuta shafi ɗaya ba.

MPhil kuwa sunanta na ruɗa mutane, domin abu uku take nufi. A jami'o'in Oxford da Cambridge na Ingila sunan wasu digirorin mastas ne. A jami'o'i da yawa matakin rajistar farko ne na dakta: bayan kamar shekara ɗaya ka gabatar da babi da tsarin aiki a gaban kwamiti, in sun gamsu a ɗaga ka. Sannan ita ce kuma ake ba wanda kundinsa bai kai matsayin dakta ba. Saboda haka kafin ka cike fom, ka tambayi sashen wacce suke nufi.

In kuma Amurka ka nufa, lissafin ya sauya. Can jami'o'i da yawa na ɗaukar mai digirin farko kai tsaye zuwa dakta, ya yi kamar shekara biyu yana darussa, ya ci jarrabawar cancanta, sannan ya fara kundi. Mastas ɗin da ka zo da ita na iya ƙarfafa takardunka, amma ba lalle ta rage maka shekaru ba.

Abin da zan ce, da sharaɗi: in ba ka da tambayar bincike da za ka iya faɗa a jimla biyu, ɗauki mai darussa. In kana da ita, kuma akwai malamin da ya amince a rubuce zai duba ka, mai bincike ta fi. Ko a hakan ma ka duba ƙa'idar inda kake son yin daktan, don wasu sassan suna gindaya mafi ƙarancin makin darussa, wanda mai bincike zalla ba shi da shi.

Sai na iya wani harshe?

Sai ka iya harshen da aka rubuta madogaranka da shi. Ba a nazarin falsafar Jamus a matakin dakta da fassara kaɗai, haka tsofaffin rubuce-rubucen Larabci. Jami'o'in Amurka da dama ma jarrabawar karatu suke yi a harshe ɗaya ko biyu. Ka fara koyo tun kana mastas.

Me zan rubuta a takardar tsarin bincike?

Kalma 1,000 zuwa 2,000 sun isa a yawancin wurare: tambayar da kake son amsawa, abin da magabata suka rubuta da giɓin da suka bari, madogaran da za ka yi aiki da su da inda suke, hanyar nazari, da jadawalin lokaci. Don Allah a daina rubuta "tarihin mata a Afirka" a matsayin batu. Wannan ɗakin karatu ne guda. Wane wuri, waɗanne shekaru, waɗanne takardu? Kuma ka tabbata ma'ajiyar takardun a buɗe take ga masu bincike. Ayyuka da yawa a nan suke mutuwa.

Ana faɗuwa a wajen kare kundi?

Kwantar da hankalinka. A tsarin Ingila masu jarrabawa biyu ne, ɗaya na cikin jami'ar, ɗaya daga waje, kuma abin da aka fi samu shi ne a ce ka ci amma ka yi gyara: ƙarami cikin kamar wata uku, babba wata shida zuwa shekara. Malamin kirki ba zai bari ka miƙa kundin da bai nuna ba. Abin da ke kayar da mutum warwas shi ne satar rubutun wani, kuma yanzu manhajar kwamfuta ce ke fara tantance kundin.

Dakta za ta ba ni aikin koyarwa a jami'a?

Za ta ba ka damar nema. Ka fitar da maƙala ɗaya ko biyu daga kundin a mujallar da masana ke tantancewa kafin ka gama, don su za a fara tambaya.