Hayar gidan sauka na ɗan lokaci a arewacin Kamaru da Chadi

Gidan sauka na haya gida ne, ko wani sashe na gida, wanda mai shi ya zuba wa kayan zama, wato gadaje da katifu da kujeru da tukwane da sauran kayan girki, yana ba matafiya hayarsa na kwana ɗaya ko mako ko wata, saɓanin hayar shekara da aka saba. A arewacin Kamaru da Chadi, inda Faransanci ya fi rinjaye a harkar ofis da talla, sunan da ake rubuta masa a alluna shi ne "appartement meublé", mutane kuma kan taƙaita su ce "meublé" kawai. Abin da ya raba shi da otal a fili yake: otal ɗaki yake bayarwa haɗe da hidima, shi kuwa wannan gida ne ake miƙa wa baƙo makullinsa, a bar masa hidimar kansa. Iyalan da ke tafiya hutu ko biki ko jinya su ne suka fi karkata gare shi a biranen Garwa da Marwa da Ngaundare da Injamena.

Asalinsa

Saukar baƙo a gidan da ba na danginsa ba tsohuwar sana'a ce a wajen Hausawa. Tun zamanin fataucin goro da shanu, kowane zango yana da fatoma, mutumin da ke saukar da fatake a gidansa, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya kuma tsaya musu idan rigima ta taso. Unguwannin Hausawa na kudancin Kamaru, irin su Briqueterie a Yawunde da New Bell a Duwala, a kan irin wannan hulɗa suka ginu, haka nan maniyyatan da ke bin hanyar ƙasa ta Kusiri da Fort-Lamy, wadda aka mayar wa suna Injamena a 1973, zuwa Abeshe da Sudan, a irin waɗannan masaukai suke yada zango, wani lokaci har tsawon watanni. Sai dai masaukin fatoma na maza ne 'yan kasuwa, kuma ladansa daga la'adar ciniki yake fitowa. Wanda ya taso da mata da yara kuwa gidan ɗan'uwa ko na suruki yake dosa.

Salon hayar gida sukutum domin hutu daga Turai da Amurka ya bazu. A Faransa an kafa ƙungiyar Gîtes de France a 1955 domin bai wa mazauna birni hayar gidajen karkara, sannan kamfanin Airbnb da aka kafa a San Francisco a 2008 ya mayar da harkar ta zama ta intanet a duniya baki ɗaya. A wannan yanki dai shafukan irin su Airbnb da Booking.com ba su ne ƙashin bayan kasuwar ba. Yawancin gidajen ta hannun dillali ake samun su, ko a hotunan da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook, ko kuma ta bakin wani da ya taɓa sauka.

Abubuwa da dama suka taru suka haɓaka ta. Fara fitar da man Chadi a 2003 ta bututun da ya taso daga yankin Doba zuwa Kiribi da ke bakin teku a kudancin Kamaru ya jawo ma'aikata baƙi masu neman wurin zama na watanni. Rikicin Darfur ya cika Abeshe da Injamena da ma'aikatan agaji, rikicin Boko Haram ya yi wa Marwa haka daga wajen 2014. Masu gidaje suka lura cewa sashen da aka zuba wa kaya yana kawo riba fiye da hayar wata-wata. Jami'ar Ngaundare, wadda ɗaliban Chadi suke da yawa a cikinta, da Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, su ma suna kawo iyaye masu rakiya da masu zuwa bikin kammala karatu. Gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da aka buga a Kamaru daga 9 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairu 2022 ta ƙara wa abin ƙaimi a Garwa, domin a filin Roumdé Adjia ne rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau ya yi mafi yawan wasanninsa, magoya baya kuma suka yi ta kwararowa ta hanyar Yola.

Abin da ke jan iyali zuwa gare shi

Dalili na farko yawan kai ne. Ɗakin otal an tsara shi ne domin mutum ɗaya ko biyu, alhali iyalin da ya taso daga Mundu ko Injamena zuwa ɗaurin aure a Garwa zai iya haɗa maigida da uwargida da yara biyar ko shida da kaka da 'yar riƙo. Irin wannan ayari sai ya kama ɗaki uku ko huɗu, kuma ba lallai ne ɗakunan su kasance a jere ba, sai ka ga yara a hawa na biyu iyaye suna ƙasa. A ɗauka, domin misali kawai, ɗakin otal sefa 15,000 ne a kwana, gida mai ɗaki uku da falo kuma sefa 35,000: wanda ke buƙatar ɗaki biyu otal ya fi masa sauƙi, amma daga ɗaki na uku lissafi ya juya. Ƙari a kan haka, masu gidajen kan rage farashi ga wanda zai yi mako ko wata, abin da ke da muhimmanci ga masu jinya, waɗanda ba su san ranar da likita zai sallame su ba.

Dalili na biyu, wanda a zahiri ya fi na farko nauyi, shi ne madafi. Ciyar da mutum goma sau uku a rana a gidan abinci yana cinye kuɗin tafiya fiye da wurin kwana, kuma tsofaffi da ƙananan yara da marasa lafiya ba kowane abinci cikinsu yake karɓa ba. A gidan haya uwargida za ta dama kunun gyaɗa da asuba, ta tuƙa tuwon dawa ko na masara da miyar kuka ko ta yakuwa da dare, a aiki yaro kasuwa ya sayo kifin Binuwai ko na tafkin Lagdo da farashin 'yan gari. Da yawa ma daga gida suke tahowa da gari da daddawa da busasshiyar kuɓewa da man shanu. A watan azumi wannan batu ya fi fitowa fili, domin otal ɗin da zai ɗora tukunya ƙarfe uku na dare saboda sahur ɗin baƙo ba shi da yawa.

Sai kuma batun sutura. Matan gidajen da suka saba da kulle ba sa sakewa a wurin da za su riƙa cin karo da baƙin maza a baranda da matakala, wasu otal-otal ɗin kuma suna da mashaya a harabarsu da kiɗa har tsakar dare. Ƙananan masaukan da ake kira "auberge" sun fi araha, amma sunan da wasunsu suka yi na wurin sheƙe aya ya sa magidanci mai kishin mutuncinsa ba ya kai iyalinsa can. Gida mai katanga da ƙofar kansa yana ba da damar shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a yi sallah cikin jam'i, a shanya wanki, a karɓi masu zuwa gaisuwa a falo ba tare da an shigar da su ɗakin kwana ba.

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba, shi ne dangantakar wannan sabon salo da zumunci. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, kuma a garuruwa da yawa abin kunya ne ɗan'uwa ya shigo gari ya kama haya alhali kana da rufi. Amma su ne kuma suka ce baƙo raɓa ne, addini ma kwana uku ya yanka wa liyafar baƙo. Gidajen birni sun ƙanƙance, abinci ya yi tsada, ayarin mutum goma na tsawon mako biyu kuwa nauyi ne ko ga mai hali. Shi ya sa a bukukuwa da yawa yanzu masu masaukin ne da kansu suke kama gidan haya su sauke dangin ango ko na amarya, su riƙa aika musu da abinci. Ta haka an fita kunya, ba a kuma takura wa kowa ba.

Nauyin da ke komawa kan baƙo

Duk hidimar da otal ke ɗauke wa baƙo, a gidan haya kansa take dawowa, kuma akasari kan mata. Shara da wanke-wanke da girki da wanki ba sa zuwa hutu, don haka abin da maigida ya kira hutu sau da yawa a wajen uwargida canjin madafi ne kawai, madafin ma da ba ta san inda wuƙa da ludayi suke ba. Wasu gidajen suna da mai shara da ke zuwa da safe, amma sai an tambaya tun kafin a biya.

Ruwa da wuta su ne ma'aunin gaskiya. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai kudu da Garwa, kuma idan ruwanta ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta. A Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Injamena, ɗakin da ba fanka ba na'urar sanyi a wannan lokaci ba ya kwantuwa. Babban otal yana da janareta da tankin ruwa. Gidan haya kuwa sai an bincika ko yana da janareta ko faifan hasken rana, wa zai sayi mai, ko akwai rijiyar burtsatse, da kuma ko kuɗin wuta yana cikin haya ko mita ce mai kati da baƙo zai riƙa cikawa da kansa. Ngaundare, da yake tana kan tudun Adamawa sama da mita 1,000, ba ta da wannan matsala ta zafi. Can bargo da ruwan zafi ake tambaya a lokacin hunturu.

Wanda ya goge da harkar ba ya karɓar makulli a bakin ƙofa. Yakan shiga da mai gadi ko dillali, ya murɗa kowane famfo, ya kora ruwan bayan gida, ya ɗaga tukunyar gas ya ji nauyinta, ya kunna firiji ya saurara, ya ɗaga zanen gado ya duba katifa, ya leƙa taga ya ga ko ragar sauro ba ta yage ba. Sannan a ƙirga kaya: faranti nawa, kofi nawa, cokula nawa, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Wannan ƙirga ba ƙaranta ba ce, domin ana karɓar kuɗin jingina a ranar shiga, kuma mafi yawan gardamar ranar fita a kan kofin da ya fashe ko rimot ɗin talabijin da ya ɓata take tashi.

Ciniki ma yana da nasa tarko. Ƙasashen biyu sefa ɗaya suke amfani da ita, amma Bahaushe da dala yake ƙirga, Balaraben Chadi da riyal, kowannensu kuma sefa 5 ne, saboda haka "dubu" a bakin dillali tana iya zama sefa 5,000. Rubuta adadin da lambobi ya fi aminci. Ana biyan kafin alƙalami ta waya, da Orange Money ko MTN Mobile Money a Kamaru, Airtel Money ko Moov Money a Chadi, kuma ta nan ne 'yan damfara suke shiga: su ɗauki hoton gidan da ba nasu ba, su karɓi kuɗi, su kashe waya. Maganin da jama'a suka fi dogara da shi shi ne a tura wani sananne a garin ya je ya ga gidan da idonsa, wato dai aikin da fatoma yake yi a da.

Doka da iyaka

A Kamaru dokar 2016 da ta tsara harkar yawon buɗe ido ita ce ginshiƙin kula da wuraren saukar baƙi, akwai kuma harajin kwana da aka fara karɓa a 2017, sai dai gidaje da yawa ba su da rajista, masu otal kuma sun daɗe suna kukan cewa ana gasa da su ba tare da an ɗauki nauyin da suke ɗauka ba. Gidan da ke bin ƙa'ida yakan nemi katin shaida ya rubuta sunan baƙo, abin da ya ƙara tsanani a jihar Arewa Mai Nisa saboda matsalar tsaro. 'Yan Chadi da 'yan Kamaru suna ƙetara gadar Ngeli tsakanin Injamena da Kusiri ba tare da biza ba a ƙarƙashin yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, wato CEMAC, amma mai tafiya da yara yana buƙatar takardunsu a hannu.

Inda otal ya fi dacewa

Hayar gida ba ta biyan wahalarta a tafiyar kwana ɗaya. Iyalin da ya sauka daga motar Marwa ko Garwa yana jiran jirgin ƙasan dare na Ngaundare zuwa Yawunde, layin da ya iso garin a 1974, ɗakin otal kusa da tasha ya ishe shi. Haka kuma a wuraren yawon buɗe ido na daji kusan babu zaɓi: a gandun Waza da na Binuwai da Buba Njida, da ƙauyen Rumsiki a duwatsun Mandara, da gandun Zakuma na Chadi da aka kafa a 1963, masaukan bukkoki ne na cikin gandun ko gefensa ake sauka, kuma da rani ake ziyartar gandun dajin, lokacin da hanya ke biyuwa. Masu zuwa Waza da Rumsiki ma sun ragu ainun tun bayan sace wani iyalin Faransawa a kusa da Waza a Fabrairun 2013.

Iyalan arewa masu hali da ke son ganin teku Kiribi suka fi nufa, inda ruwan kogin Lobe ke gangarowa daga dutse ya zuba kai tsaye cikin teku, kuma inda gidajen haya na bakin ruwa suka yawaita. Can farashi yana tashi a ƙarshen Disamba da lokacin babban hutun makaranta na Yuli da Agusta, don haka masu niyyar zuwa sukan kama gida makonni kafin su sayi tikitin jirgi.