Tantance jigon siyasa da zamantakewa a gajeren fim ɗin ɗalibai

Wannan tantancewa ita ce duban da malamai ko alƙalan gasa ke yi wa gajeren fim da ɗalibi ya haɗa, don a ga me ya faɗa kan mulki da zaman jama'a, kuma ta wace hanya ya faɗe shi. Gajeren fim dai a ƙa'idar masu ba da kyautar Oscar bai wuce minti 40 ba, amma na ɗalibai yawanci ko kusa da haka ba ya kaiwa, saboda kuɗin shutin daga aljihunsu yake fita. A Najeriya ana yin irin wannan furojet a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979, da kuma sassan wasan kwaikwayo da sadarwa na jami'o'i irin su ABU Zariya da BUK.

Abu na farko shi ne jigo. Almajiranci, auren dole, shaye-shaye, bangar siyasa, sayen ƙuri'a ranar zaɓe, waɗannan su ɗalibai suka fi ɗauka, toh amma zaɓar babban jigo shi kaɗai ba ya kawo maki. Inda ake yawan faɗuwa shi ne wa'azi, sai ka ga an zaunar da wani dattijo a kan tabarma yana ta zuba nasiha minti uku kyamara ko motsi ba ta yi, duk saƙon a bakinsa yake, alhali abin da mai tantancewa ke nema shi ne ya gani da ido, ya ga yadda ɗan takara ke zaune a bayan mota an ɗaga gilashi su kuma yaran suna gudu cikin ƙura, wannan hoton kaɗai ya gama magana kan waye sama waye ƙasa. Shi ya sa ake duba daga ina aka ɗauki hoto, wa aka ba baki ya yi magana, wa aka bari shiru, musamman mata da yara. Editin, wato yanka da haɗa hotunan da aka ɗauka, da sauti ma a nan suke shigowa.

Sai ƙarshen labari, wanda a gaskiya nan ake gane zurfin tunanin ɗalibi. Idan ɗan daba ya tuba ko 'yan sanda suka kama shi aka rufe fim, laifin ya tsaya a kansa kenan, shi kuwa wanda ya ba shi kuɗi da ƙwaya ya tsira. Mai tantancewa zai tambaya ko da gangan aka yi haka, ko kawai an bi salon da aka saba gani ne a Kannywood.

Ra'ayin malami na jam'iyya ko aƙida bai kamata ya taɓa maki ba, hujjar da ɗalibin ya kawo ake aunawa. Ana kuma tambayar ko an nemi izinin mutanen da aka ɗauka, balle in yara ne a tsangaya.

Idan fim ɗin zai fita kasuwa to maganar ta koma hannun hukumar tace fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1993, a Kano kuma akwai ta jiha tun 2001, kuma ma'auninsu daban ne da na aji, su tarbiyya da zaman lafiya suka fi dubawa. Fina-finan ɗaliban da suka yi fice kan je gasa irin FESPACO, gasar fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu ta Burkina Faso, wadda ke da rukuni na musamman don fina-finan makarantun fim na Afirka.