Tsofaffi nawa ne za su nemi likitan ido a Legas nan gaba?

Wai ana iya sanin adadin masu ciwon ido tun kafin su kamu?

Ba duba ba ne, lissafi ne. Ana ɗaukar yawan mutanen da suka manyanta a gari, a haɗa da yadda kowace cuta ke kama masu irin wannan shekaru, sai a ga kimanin waɗanda za su buƙaci magani nan da shekara 10 ko 20. Da shi gwamnati ke sanin likitoci nawa za ta horar, ɗakin tiyata nawa za ta buɗe.

Daga ina alƙaluman ke fitowa?

Madogarar da aka fi riƙewa ita ce binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 a kan masu shekara 40 zuwa sama. Ya nuna kashi 4.2 cikin 100 nasu makafi ne. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 na wannan makanta, hawan jinin ido kuma, wato gilakoma, kusan kashi 17. Kudu maso Yamma ce ke da mafi ƙarancin makafi, Arewa maso Gabas ke da mafi yawa.

To ga inda gizo ke saƙa. Binciken ya tsufa, ƙidayar jama'a ma rabon da a yi ta tun 2006. A waccan ƙidaya gwamnatin tarayya ta ce mutanen Legas miliyan 9 ne da ɗoriya, jihar ta ce ina, sun haura miliyan 17. Ka ga kuwa duk lissafin da aka ɗora kan ɗaya, ɗayan zai ƙaryata shi.

Me ya sa ba a haɗa cututtukan a lissafi guda?

Don nauyinsu ba ɗaya ba ne. Yanar ido aikinta na sau ɗaya ne a kowane ido: a cire, a sa ƙwayar roba, mutum ya koma harkarsa. Gilakoma kuwa zaman aure ce, ba saki. Maganin ɗigawa kullum, awon ido lokaci-lokaci, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Mutum ɗaya da aka gano yana da ita yana da shekara 55 zai yi ta zarya asibiti har ƙarshen rayuwarsa. Haka mai ciwon suga, wanda ake son a duba bayan idonsa duk shekara.

Mu Hausawan Legas muna cikin lissafin?

A ganina, rabi da rabi. Akwai wani dattijo mai goro a Agege da sai ya kai takardar kuɗi daf da hanci kafin ya bambance ɗari biyu da ɗari biyar. Da ɗansa ya ce, "Baba, mu je asibitin Idi-Araba a duba ka," sai ya ce, "Bari dai in je gida bayan Sallah." Gida Kano ke nan. Irinsa Legas ta ƙirga shi, amma asibitin Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ne zai ɗauki nauyinsa. Akwai kuma akasin haka: 'yan kasuwar Mile 12 da ke ɗauko iyaye daga ƙauye su kawo su asibitocin koyarwa na Legas, wato LUTH ko LASUTH, alhali ba su cikin ƙidayar jihar.

Wasu ma ba sa isa ko'ina. Binciken ya gano fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa wa aikin yana, na gargajiya ne aka yi, wanda ake tura yanar cikin ido da tsinke, kuma sau da yawa makanta ke biyo baya.

Ke nan buƙata za ta ƙaru ko raguwa?

Ƙaruwa. Masu manyan shekaru na yawaita, ciwon suga ma haka. Sannan cikin masu gilakoma da binciken ya samu, waɗanda suka san suna da ita ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ranar da awon kyauta irin na Jigi Bola, shirin kula da ido na gwamnatin Legas, ya ratsa masallatan Obalende da Agege sosai, layin asibiti zai tsawaita a mako guda ba tare da cutar ta ƙaru ko da mutum ɗaya ba.